Nonon da Aka Ce In Shafa

Shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, aka biya su ariyas a dunƙule, ita ce shekarar da aka kai ni Jibiya. Mijina ma'aikacin kwastan ne, an turo shi bakin iyaka daga Kano. Ina gama wankan jego aka ɗauko ni da jaririyata da kwanukana aka sauke mu a wani gida mai ɗaki biyu a ƙarshen bariki, rufin kwano, katanga ta fi tsayina. Gidajen da ke kusa duk gwauraye ne a ciki, da safe su fita, da dare su dawo. Wuni guda sai in yi ban ji muryar mace ba. Abin da nake ji shi ne gurnanin manyan motoci suna jiran a buɗe musu hanya su wuce Maraɗi, da ƙarar sababbin babura, don a lokacin duk wanda ya karɓi ariyas sai ya sayi babur, ko ya iya tuƙi ko bai iya ba.

Mijina ba mugu ba ne, mutum ne da kuɗi suka zo wa da sauri, ya rasa yadda zai nuna kulawa sai ta saye-saye. Ya sayo rediyo, ya sayo agogon bango, ya sayo fanka alhali babu wutar lantarki a gidan. Fankar nan ni na mayar da ita wurin rataye ɗankwali. In ya shigo da yamma sai ya ajiye wani sabon abu a gabana, ya ci abinci, ya koma bakin aiki. Na so a ce hira ya riƙa kawo mini, amma ban san yadda ake roƙon wannan ba.

Yarinyar ita ce 'yar farina. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In an yabe shi sai ta kau da kai. Ni kuwa da babu kowa a gidan, sai na ci karena babu babbaka. Ina yi mata rawa, ina yi mata waƙa, ina ba ta labarin unguwarmu da na mahaifiyata da ta rasu tun ina budurwa. Da na ji babur ɗin babanta a ƙofa sai in kwantar da ita, in ɗaure fuska, in ɗauki tsintsiya. Ita kaɗai ce mutum a rayuwata a garin nan, kuma ba ni da ikon faɗa.

Sai kuma mai nono. Wata dattijuwar Bafulatana ce, doguwa, busasshiya, tana tsallakowa daga ƙetaren iyaka ranar kasuwa. Farin da aka yi shekarun baya ya cinye musu shanu, 'yan ƙalilan suka rage, don haka ƙwaryarta ba ta cika cika ba. Hausarta ba ta da yawa, wadda take da ita ma ta mutanen Maraɗi ce, ni kuma Bakanuwa. "Matad duwan" take ce mini, don su can duwan suke kiran kwastan. Ina sayen nono fiye da abin da za mu sha, ina ja mata ciniki da gangan, don kawai ta daɗe a zaune a inuwar katanga. Ta gane, amma ba ta taɓa nunawa ba.

Da bazara ta yi tsanani yarinyar ta kamu da tari, ni ma zazzaɓi ya taɓa ni. Babanta ya shiga kemis ya sayo kafso, mai ja da rawaya ɗin nan da ake sha a lokacin ko ciwon kai mutum yake yi. Ni ina haɗiya, ita ana buɗe mata a cokali. Tari ya tafi, zazzaɓi ya tafi. Ba a jima ba na ga wani fari-fari a harshenta da cikin kumatunta. Na ɗauka ragowar nono ne, na sa tsumma mai tsabta na goge, ya ƙi fita, inda ya fita kuma sai ja kamar za a ga jini. Ni ma kan nonona ya fara zafi, ya tsattsage, in ta kama sai in ji har cikin bayana. Ita ta kama ta saki ta tsala kuka, ni in cije leɓe. Haka muke yi sau ba adadi a rana, mu biyu a tsakar gida.

Ya ɗauke mu a babur zuwa disfensare. Malamin asibitin ya duba bakinta, ya shafa mata shuɗin maganin nan da ake kira jibi, ya ba mu a 'yar kwalba. Bakin ya yi sauƙi, sai farin ya kuma dawo. Nawa ciwon kuwa ban faɗa ba. Namiji ne, ga mijina a tsaye, ta ina zan fara? Na dawo gida da abina a rufe cikin riga.

Da ya ga tana ramewa, sai ya yi abin da ya iya. Ya sayo madarar gari ta gwangwani har katan, da kwalbar shayar da yara da muke kira bulumboti. Ƙarshen wata ya je Kano gaida mahaifiyarsa. Da ya dawo, yana cire takalmi, ko kallona bai yi ba ya ce:

"Inna ta ce nononki ne ya ɓaci. Ta ce za ta zo ta ɗauki yarinyar, tunda ga madara."

Na ce, "To."

Abin da ya halatta in ce ke nan. Da a ce 'ya ta biyu ce ko ta uku, da na yi magana. Amma macen da ta buɗe baki ta ce kada a ɗaukar mata 'yar fari, har jikokinta sai sun ji labarin rashin kunyarta. Inna ta ce sai ta gama da wani biki na dangi, don haka ina da 'yan makonni. Na san in ta zo ta tarar da bakin nan fari, magana ta ƙare, zan zauna ni da fanka.

Na taɓa jin tsofaffi suna cewa ana gwada nonon mai shayarwa da tururuwa. A tatsa a ludayi, a jefa ta ciki, in ta fita da ranta nono lafiyayye ne, in ta mutu ya ɓaci. Wani hantsi na rufe ƙofar gida na tatsa, ina hawaye don zafi, na je gindin katanga na kamo tururuwa na jefa. Ta yi ta wutsil-wutsil a tsakiya, ta kasa kai wa gefe. Na duba hagu na duba dama, kamar akwai mai ganina, na tsinko tsinken tsintsiya na miƙa mata. Ta hau ta fito. Na zauna ina kallonta tana tafiya a karkace, ban san ko in yi murna ba, tunda ni ce alƙali kuma ni na ba da cin hanci.

Ranar kasuwa mai nono ta biyo da yamma, ta riga ta sayar da komai, ƙwaryarta wayam, ruwa kawai ta shigo sha. Ta ga bakin yarinyar shuɗi. Ta ajiye moɗa, ta karɓe ta, ta matsa kumatunta ta leƙa. Sannan ba tare da neman izini ba ta kama wuyan rigata ta ja ta duba. Na ji kunya, amma na ji daɗi a ce yau wani ya gani.

Ta ce, "Wagga ba komi ba ce. Nono. Ki shahwa nono." Ta taɓa ƙirjina. "Nan." Ta taɓa bakin yarinyar. "Da nan. Sahe da marece."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, don rana ta yi ƙasa kuma hanyarta da nisa.

To, mace ta taɓa ƙirjinki ta ce nono, ta kuma taɓa bakin 'yarki, me za ki fahimta? Daga nan zuwa nan. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurina, na sha ganin ana ɗiga wa jariri nonon uwarsa a ido in yana kwantsa. Har na ji sanyi a raina, na ce ashe nonon da ake cewa ya ɓaci shi ne ma magani. Safe da yamma sai in tatsa, in shafa mata a harshe, in shafe nawa da shi, in ɗaure zani tamau in rufe. Kwanaki suka wuce babu abin da ya canja, sai ma zafin da ya ƙaru, don ga gumi ga danshi. Ta fara ƙin kama ni gaba ɗaya, ta fi son bulumboti. Ranar da na ga ta juya mini kai ta miƙa hannu ga kwalba, na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Na tsine wa kwalbar, na haɗa da mai nono da maganinta na banza.

Da ta dawo kasuwa ta gaba, gaisuwa ma da ƙyar na amsa. Ta tsuguna ta sauke ƙwarya ta ce, "Ina ɗiya? Ta warke?"

Na ce, "Ina fa ta warke. Kin ce in shafa nono, na shafa har na gaji."

"Wa ya saida maki nono? Ni ban zo ba."

"Saya kuma? Nawa mana." Na nuna mata yadda nake tatsa.

Ta dube ni, ta dubi yarinyar, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta kama dariya. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ran nan. Ta yi ta yi har tana share ido da bakin mayafi, ni kuwa ina tsaye raina a ɓace, ina jira ta gama.

Ta ce, "Matad duwan, na shanu nac ce! Kindirmo, mai tsami. Naki ai shi ɗiyar ka sha kullum, mi za ya ƙara mata?"

Kalma ɗaya ce muke da ita, ta jikin mace da ta cikin ƙwarya, kuma duk Bahaushe ya san haka. Ita wurin shafawa ta nuna mini, ni na ɗauka wurin ɗebowa ne. Da ƙwaryarta da abu a ciki a wancan zuwan, da ba a yi haka ba. Na so in ci gaba da fushi, amma dariyar ta kama ni ni ma, ta ƙarfi, irin wadda na manta ina da ita.

Ta sa na ɗora ruwa, ta wanke hannunta, ta wanke mini nono da ruwan ɗumi, ta bari iska ta busar. Ta buɗe wata ƙaramar ƙwarya da ke cikin babbar, kindirmo ne mai kauri wanda ba a kaɗa ba ba a surka ba. Ta lakato da yatsa ta shafa mini a hankali. Sanyinsa ya ratsa ni. Tun da na baro Kano babu hannun macen da ya taɓa ni haka, sai kawai na ji hawaye suna zuba, ba na zafi ba. Ta juya ta ɗan shafa wa yarinyar a harshe. Ita kuma ta yamutsa fuska, ta tsotsi leɓe, ta nemi ƙari.

Ta ce in daina ɗaure ƙirji, in bar shi ya sha iska tunda babu kowa a gidan. Ta ce ni ma in riƙa sha da yawa. Na tambaye ta ko in bar jibin, ta ce abin da likita ya ba ni ba ruwanta da shi, in ci gaba. Sannan ta faɗa mini abin da ban so ji ba: wannan ce kasuwarta ta ƙarshe. Mutanensu sun yanke shawarar su kora ragowar shanun su yi kudu, ƙasar nan ta daina ciyar da su.

Na ce, "To ina zan samu kindirmo?"

Ta zuba mini kaɗan a kwanon sha ta ce wannan iri ne. In tafasa madara, in bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, in zuba irin, in rufe in ajiye a lungu. Kullum in rage kaɗan na gobe, kada in yarda ya yanke. Na ce ai ba ni da saniya. Ta waiga ta ga gwangwanayen mijina a jere a bakin taga, ta taɓe baki, ta ce in gwada, ita dai ba ta taɓa ganin saniyar da ta haifi gwangwani ba. Na raka ta har bakin ƙofa, iyakar inda nake zuwa ke nan. Ban ƙara ganinta ba, kuma ko sunan rugarsu ban sani ba.

Na dama madarar gari, na tafasa, na yi yadda ta ce. Washegari na buɗe kwano, na tarar ta kama, ta yi kauri, tana ƙamshin tsami. Haka madarar da aka sayo don a raba ni da 'yata ta koma kindirmo. Mijina yana ta murna gwangwani na ƙarewa, yana cewa yarinya ta karɓi madara. Ban ƙaryata shi ba.

Nawa ne ya fara warkewa. Tsagar ta haɗe, zafin ya ragu har na iya barin ta ta kama ba tare da na riƙe ƙafar gado ba. Nata farin ya riƙa ja da baya daga kumatu, ya rage a harshe, ya zo ya ɓace, kuma wannan karon bai dawo ba. Shekaru da yawa bayan haka wata unguwarzoma ta asibiti ta bayyana mini cewa kafso yana kashe ƙwayoyin jiki masu amfani tare da masu cuta, sai wani abu dangin yis ɗin burodi ya samu fili ya yaɗu, uwa ta ba ɗa, ɗa ya mayar wa uwa. Ta ce a cikin nono mai tsami akwai 'yan halittu masu rai da ke takura wa irin wannan. Ta kuma ja mini kunne cewa ba kowane nonon kasuwa ake sa wa jariri a baki ba. Har yau ban san ko jibin ne ya yi aiki, ko kindirmon, ko iskar da na bar jikina ya sha. A lokacin ban damu in sani ba, bakinta kawai nake buɗewa ina dubawa kamar mai duba tukunya.

Komawa da ita kan nono shi ya fi ba ni wuya. Na ɓoye bulumbotin a cikin buhun gero. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta ture ni da ƙafa, yunwa ta sa ta haƙura.

Inna ta iso da azahar a motar haya, farkon damina, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko. Ba na so a ɗauke ta muguwar suruka. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk aiki ya watsa su, ita ma a gida take ita kaɗai da carbi. Ta zo da sabon zanin goyo a cikin jakarta, na gan shi lokacin da take ciro mana tsaraba. Bayan ta yi salla ta ci abinci, ta ɗauki jikarta ta fita haske ta buɗe mata baki. Ta duba sama ta duba ƙasa. Ta ce, "Ai ba komai a bakin nan." Ɗanta ya ce ai an sha magani. Ni kuma ba a tambaye ni ba.

Da safe na ga ta haɗa kayanta, ta sa ɗanta ya ɗaure ragowar gwangwanaye a kwali. Ta ciro zanin nan ta goya yarinyar. Ni na miƙa mata ita da hannuna, na gyara mata ƙafa, don haka ake yi. Muka tsaya a tsakar gida, babur yana jira a waje ya kai su tasha. Yarinyar ta leƙo ta gefen kafaɗar kakarta, ta gan ni, ta fara ƙananan kuka. Inna ta jijjiga ta, ta juyo ta ce:

"To, ke ba ki ce komai ba."

Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce, "Ai taku ce, Inna."

Muryata ba ta yi rawa ba, na yi ƙoƙari. Amma kukan da yarinyar take yi ya riga ya taɓa jikina. Na ji nono ya kawo da ƙarfi, duka biyun, ya jiƙa rigata, ya gangaro yana ɗiga a kan zanina. Na sa hannu zan rufe, hannun ma ya jiƙe. Inna ta tsaya tana kallo. Ta daɗe. Ɗanta ya yi odar babur a waje, ba ta motsa ba.

Can sai ta sa hannu ta kwance goyon, ta zamo da yarinyar ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Ba ta ta sha, kada ya zube a banza. Ranar da kika yaye ta, a kawo mini."

Ta ninke zaninta ta mayar cikin jaka, ta fita. Na ji tausayinta a ranar, amma ban ji shi sosai ba sai da na tsufa.

Daga nan na san abin da ya rage mini, kuma na ja shi iyakar yadda zai jawu. Yarinyar ta yi haƙora ina ba ta. Ta yi tafiya ina ba ta. Ta kai tana zuwa da ƙafarta ta ɗaga mini riga ta faɗi abin da take so da baki. Mijina ya yi ta tambaya, "Wai har yanzu?" Ni kuma in ce ai ba ta cin tuwo sosai, alhali tana cinye nata ta sa hannu a nawa. Inna ta yi aike, ta kuma yin aike. Daga ƙarshe dalilai suka ƙare mini.

Babanta ne ya kai ta. Ta sa sabuwar riga, tana ta tsalle za ta shiga mota. Ban raka ta ƙofa ba, don direba da yaran mota suna tsaye, za su ce matar kwastan tana bin 'yar fari. Na tsaya a ɗaki ina jin ƙarar motar har ta haɗe da ta sauran motocin hanya. Na ɗaure ƙirjina da zani, wannan karon don ya kafe.

A Kano ta girma, a ɗakin kakarta, kuma an riƙe ta da kyau, ba ni da abin cewa. Sai da aka shekara sannan aka kawo mana ita ganin gida. Ta shigo riƙe da hannun Inna, ta yi tsawo, an yi mata kitso mai kyau. Inna ta tura ta gaba ta ce ta gaishe ni. Ta durƙusa yadda aka koya mata, ta dubi ƙasa, ta ce:

"Ina wuni, Yaya."

Na ce, "Lafiya lau. An zo lafiya?"